Ɓarawon da Ya Bar Sarƙa da Shebur

Ruwan da aka tafka a Gazara ranar Litinin da la'asar, a daminar shekara ta biyu da samun mulkin kai, irin wanda ke sa kaza ta manta hanyar akurki ne. Da gari ya waye Talata, farin tururi na kwance a kan gonakin rake, sai labari ya riga mai koko zaga gari: an buɗe akwatin ƙarafan motar Alhaji Zainulabidin, an yi awon gaba da kusan rabin abin da ke ciki.

Ba ƙaramar magana ba ce. Motar nan, Landiroba koriya, ita kaɗai ke iya ratsa laka da kwazazzabai tsakanin Makarfi da Kudan da Ikara idan damina ta kankama. Da ita Alhaji ke kwaso mazarƙwaila da barkono daga ƙauyuka, ita ce kuma ke kai wanda maciji ya sara asibiti a Zariya. Kayan gyaranta kuwa sai an aika Kano, a yi wata ana zuba ido. Ga shi kwaɗon akwatin lafiya lau, ba ɓalle shi aka yi ba, buɗewa aka yi da makulli aka mayar. Makullin nan mutum ɗaya aka sani da shi, Uwaisu direba.

Mutanen Gazara, Allah ya saka musu, ba sa son wahalar da alƙali. Kafin hantsi ya dubi ludayi sun yi bincike, sun saurari shaidu, sun yanke hukunci, ɗauri kawai ya rage.

"Ranka ya daɗe," in ji Alhaji a gaban dagaci, yana huci, "shekara shida mutumin nan yana cin tuwona. Na ba shi zuwa Alhamis. In kaya ba su fito ba, sai gaban alƙali a Makarfi, a karɓe lasin, ya je ya tuƙa baro a gidan yari."

Uwaisu na tsugune, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ba shi da gona ko ta kamu ɗaya sai sitiyarin nan. Ya ce, "Ban ɗauka ba, ban sayar ba."

Dagaci ya aika a kira Gambo mai bin sawu. Tsohon maharbi ne, siriri, yana tafiya kai a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. In ka gamu da shi a hanya sai ka rantse barci yake yi a tsaye, amma shi ne ya taɓa bin sawun jaki tun daga Furana har tsakiyar kasuwar Kudan, kwana uku bayan an sace shi. Ya iso, ya zube ya gai da dagaci, ya gai da Alhaji, sannan ya ratse gindin durumi ya ba Sama'ila hannu. Sama'ila sa'ansa ne, tare aka yi musu kaciya. Tsohon direban babbar mota ne, shi ya koya wa Uwaisu tuƙi, amma shekara goma sha biyu ke nan rabonsa da sitiyari. Yanzu sharar masallaci yake yi, in ya gama ya zauna ya fuskanci gabas, mutane na yaba yawan ibadarsa.

Gambo ya zagaya rumfar motar sau uku. Ruwa ya lashe komai, ko sawun ƙadangare babu. Ya ji wani abu mai kama da kunya, don tun da yake ƙasa ba ta taɓa yi masa shiru haka ba.

* * *

Gambo ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ce Uwaisu ya fito da abin da ya rage.

"Ni ban san mota ba, ɗana. Raƙumi ma daga nesa nake gaishe shi. Gaya mini sunan kowa da aikinsa."

Uwaisu ya fara jerawa, sai ga bakinsa ya buɗe, don ba abin da ke kwance harshen mutum kamar sana'arsa. Ga jak na ɗaga mota, da guntun katakon da ake ɗora shi a kai don kada ya nutse. Ga sarƙar da ake naɗa wa taya a santsi. Ga shebur, ga igiya mai kaurin hannu, ga ɓallen sifirin guda, ƙarfen da ke tallafe mota a gargada, ga sifanu na kwance noti sababbi fil suna ƙyalli. Har da sabulu, wanda ake murzawa a toshe tankin mai in dutse ya huda shi.

"Ba komai ake ɗauka ba, Baba Gambo. Mota ba rumbu ba ce. In ka cika ta da ƙarfe, nauyin ne zai binne ka a laka. Maigidana da ya koya mini tuƙi ya ce kafin abu ya shiga akwati ka tambaye shi: in ka mutu, mota za ta tsaya? In ya ce i, ka sake tambaya: zan iya sa ka da hannuna a daji? Wanda ya ci jarrabawa shi ke bin ka. Sannan kowace hanya da nata kayan."

"Me ya tafi?"

"Fanbel biyu, wato maɗaurin da ke juya fankar inji. Tiyon lagireto, inda ruwan sanyaya inji ke bi. Famfon taya. Faci da gam." Ya tsaya. Ya kalli hannuwansa, sannan a hankali ya ce, "Da salkar ruwa ta tamfol."

Gambo ya ji yadda muryar ta faɗi, ya adana. Ya leƙa cikin akwatin, ya tambaya ko haka aka tarar da shi. Aka ce haka. Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, sifanu a naɗe cikin tsumman mai, babba na bin babba. Ɓarawon nan ya bar akwati ya fi yadda ya same shi tsari.

"Ina kake ajiye makulli in ka tashi?"

"A aljihuna."

Gambo ya gyaɗa kai. Idonsa dai ya riga ya ga wata 'yar ƙusa a cikin kumatun tayar gaba, wato ƙarfen da ke rufe samanta, ta yi sumul saboda yawan rataya.

* * *

Zargi kamar ruwa ne, inda ya ga gangare yake bi. Waɗanda ba su gamsu da Uwaisu ba suka ce a duba Ya'u maƙeri na Nasarawan Doya, don an ga sababbin fartanya a rumfarsa, kuma ƙarfen mota ne ƙarara. Gambo ya saɓa sandarsa ya tafi.

Ya same shi yana zuga. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da ruwa da gajiya, Gambo ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya'u ya yi dariya har sai da ya ajiye masaba.

"Haba Baba! Fartanyun nan daga gawar motar da ta faɗa gadar Kudan bara ne, kowa ya yanki rabonsa. Amma tsaya, me da me ka ce an ɗauka?"

Gambo ya lissafa.

"Aka bar sifirin? Aka bar jak?" Ya'u ya riƙe baki. "Wallahi da ni ne, su zan fara sunkuta. Sifirin ɗaya adda shida ce. Wane maƙeri ne zai tsallake ƙarfe ya saci roba? In sa ta a wuta in kori maƙwabta da wari?"

Gambo ya yarda da shi tun kafin ya rufe baki. Ya sha ruwa, ya yi sallama.

* * *

Laraba da safe ya nufi rugar Bobbo, Bafulatanin da aka ga ya fake a rumfar motar lokacin ruwan. Hanyar ta bi ta fadama. Rake ya fi mutum tsayi, iska na kaɗa shi yana wani shuu kamar ana hira a ɗaki na kusa. Balbelu sun yi fari a bayan shanu. Gambo na tafe, rabinsa a hanya, rabinsa a wata duniya inda kayan da suka ɓace ke tafe a jere gabansa, roba na bin roba, ba su bar sawu ba.

Bobbo ya tarbe shi da ƙwaryar nono. Bai musa ba.

"Na fake, Baffa. Da ruwa ya tsananta na ga rumfar na yoyo, sai na ruga zauren masallaci. Ban ga kowa ba sai tsohon nan mai shara, yana tsaye cikin ruwa yana kallon sama. Na ce ya shigo, bai ji ni ba."

"An ce kun fi kowa son igiya."

"To an ɗauki igiyar?"

"Tana nan."

"Ka gani." Bobbo ya yi murmushi. Da Gambo ya lissafa masa kayan, ya saurara da kai a karkace, har aka zo na ƙarshe. "Salka? Yanzu? Baffa, ko'ina ka taka ruwa ne, shanuna ma sun gaji da sha. Wa zai saci salka da damina? Sai dai in jikinsa ne a nan, ransa na ƙasar ƙishirwa."

Gambo ya ajiye ƙwaryar.

A hanyar komawa bai ga rake ba, bai ga balbelu ba. Ya ga wata babbar mota ja, shekara goma sha biyu baya, cike da maniyyata masu bin ƙasa zuwa Makka ta Barno da Sudan. Ya ga Sama'ila a sitiyari da sabuwar hula, matarsa Rahmatu a gefensa tana ɗaga wa mata hannu. Bayan wata biyar Sama'ila ya dawo, ba mota, ba Rahmatu, sai Uwaisu na biye da shi. Aka ce zazzaɓi ne ya ɗauke ta a hanya, aka yi ta'aziyya, ba wanda ya ƙara tambaya. Gambo ya zauna a kan wani dutse ya daɗe. Sau da yawa ya kai ƙarshen sawu yana murna, wannan karon ji ya yi da ma bai iya aikin ba.

* * *

An ajiye Uwaisu a zauren dagaci. Gambo ya shiga bayan azahar, ya zauna kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Ka ce kowace hanya da nata kayan. Sarƙa da shebur da igiya na laka ne. Waɗanda aka ɗauka fa, na wace hanya ne?"

Uwaisu ya kau da kai.

"Me ake yi da famfo a rairayi, Uwaisu?"

Uwaisu ya rufe ido. "Ana sace iskar taya don ta yi faɗi kada ta nutse. In an fita, a sake bugawa." Sai ya kama gefen rigar Gambo da hannu biyu. "Baba, don girman Allah ka bar maganar nan. Ka ce ƙasa ba ta nuna maka komai ba. Wata shida ne ko shekara, zan yi."

"'Ya'yanka su ci me? Lasin in ya tafi ba ya dawowa."

"Ba ka san abin da ya faru ba." Hawaye suka zubo wa Uwaisu, bai share ba. "Ba zazzaɓi ne ya ɗauke Inna Rahmatu ba. A wani zango bayan Fallomi ta ƙasar Cadi wani fasinja ya roƙe ni wuri don buhunsa. Ina ɗan koyo a lokacin, ina son a ce ina da kirki. Na sauke ƙaramin akwatin robobi na bari a wurin mai shayi, na ce ai ba nauyin kirki, in mun dawo ma ɗauka. Ban gaya wa Maigida ba. Kwana biyu a cikin rairayi fanbel ya tsinke, inji ya tafasa, tiyo ya fashe. Muka ɗura wa mota ruwan shanmu, ya tsiyaye a ƙasa. Kwana huɗu kafin masu raƙuma su same mu. Inna Rahmatu ba ta kai na huɗun ba."

Kurciya na kuka a kan katanga. Gambo ya saurare ta don ya samu abin yi.

"Da Maigida ya buɗe mota bai ga akwatin ba, ya dube ni sau ɗaya. Har yau bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ƙarasa koya mini tuƙi, ya nema mini aure. Tun bara hankalinsa ya fara tafiya yana dawowa, ni da 'yarsa muke rufewa. Shi ya koya mini rataye makulli a kumatun taya. Yanzu in tsaya a ce masa ɓarawo a bainar jama'a? Gara a ɗaure ni."

Gambo ya fita bai yi alkawari ba. Yana ƙaunar Sama'ila tun suna tsirara a rafi, yana kuma ganin 'ya'ya huɗu da za su kwana da yunwa a kan laifin da ubansu bai yi ba. Duk inda ya juya, wani zai ji ciwo, kuma da hannunsa.

* * *

Alhamis da hantsi ƙofar dagaci ta cika. Ga Alhaji a kan kujera, ga ɗan doka da ya zo daga Makarfi a kan keke. Ga Ya'u, ga Bobbo ya dogara da sanda, ga Uwaisu a tsugune. Gambo ya sa aka sake shimfiɗa kayan a tabarma.

"Ranka ya daɗe, ruwa ya cinye sawun ƙafa. Amma hannu ma yana da sawu. Abin da mutum ya ɗauka da abin da ya bari, su ne sawunsa." Ya juya. "Ya'u, in an ce ka zaɓa?"

Ya'u ya nuna sifirin, aka yi dariya. Bobbo ya nuna igiya da haɓa. Gambo ya tambayi Alhaji, Alhaji ya ce shi da sifanun zai ɗauka, su ne masu tsada.

"To duk ga su nan. Wanda ya buɗe akwatin nan ba sayarwa ta kawo shi ba. Shiri ya yi na tafiya, kuma gwani ne."

Uwaisu ya zabura ya miƙe. "Ni ne! Ni na sayar a Zariya. A tafi da ni."

Wuri ya kaure. Alhaji ya ce ai ya faɗa. Ɗan doka ya fara kwance igiya daga sirdin kekensa. Gambo ya ga in ya ƙara jinkiri ko na numfashi ɗaya ne, magana ta ƙare. Ya taka zuwa gindin durumi, ya tsuguna gaban abokinsa kamar mai neman fatawa.

"Sama'ila, mu jahilan mota ne. Zo ka duba mana akwatin yaronka, ko ya cika."

Fuskar tsohon ta washe. Ya tashi da wani ƙarfi da aka daɗe ba a gani ba, ya zo ya durƙusa a kan tabarma. Ya taɓa sarƙa, ya ɗaga jak ya girgiza a kunne, ya shinshina sabulu.

"Na laka sun cika," ya ce. "Yaron nan ya iya. Na rairayi kuwa ni na ware su. Suna ɗakina, ƙarƙashin gado, na shafa musu hoda kada su tsage." Ya dubi jama'a yana murmushi, ba ko ɗigon ɓoyo a idonsa. "Wannan karon a ƙafata zan riƙe su. Wancan karon an sauke, shi ya sa muka daɗe a hanya."

Bakunan da suka yanke hukunci ranar Talata duk suka mutu. 'Yar Sama'ila, da ke laɓe a bayan zana, ta fashe da kuka. Aka aika, sai ga kayan an kawo a ƙunshe cikin tsohon zanen saƙi, ba abin da ya yi ciwon kai.

Uwaisu ya zube a gaban tsohon. "Jama'a ku ji, ni na sauke akwatin nan a hanyar gabas. Ni na jawo..."

"Kai, rufe mana baki," in ji Sama'ila, a tsawace irin ta maigida. "Direba ke duba akwati kafin ya tashi. Ni ban duba ba."

Dagaci ya ce wa ɗan doka ya koma, ba shari'a a nan. Alhaji Zainulabidin, mutum ne mai saurin fushi amma ba mugu ba, ya tashi ya laluba aljihu ya ciro makullin motar. Bai iya haɗa ido da Uwaisu ba, ya dai danƙa masa a hannu ya ce, "Ka yafe ni."

Gambo ya koma gefe. Ya ceci mutum, amma ya ga yadda mutane suka fara kallon Sama'ila, kallon tausayi, wanda ba a komawa daga gare shi. Uwaisu bai yi masa godiya ba, shi ma bai sa rai ba.

Tsohon ya rungumi ƙunshin a ƙirji, ya nufi motar. Uwaisu ya buɗe masa ƙofa, ya tallafe shi ya hau, ya zagaya ya zauna a sitiyari da makulli a hannu. Sama'ila ya gyara zama, ya matsa sosai jikin ƙofa, ya bar fili a tsakaninsu.

"Rahmatu ta shigo?"

Uwaisu ya dubi filin da ke tsakaninsu. "Ta shigo, Baba."

"To ba ta ruwa tukuna, kafin mu tashi."

"To, Baba," in ji Uwaisu.